Yadda Ake Kwatanta Tawagogin Danmak da Taurarinta na Zamani Daban-daban

Musun da ya fi daɗewa a tsakanin masu bibiyar ƙwallon ƙafar Danmak shi ne na tawagar 1986 da ta 1992. Ta farko ta je gasar Kofin Duniya a Meziko, ta ci wasanninta uku na rukuni da ƙwallaye tara, aka zura mata ɗaya tak, sannan Sifaniya ta lallasa ta da ci 5–1 a zagayen 'yan 16. Ta biyu kuwa ba ta ma samu gurbin zuwa gasar cin kofin nahiyar Turai ba, sai da aka fitar da Yugoslabiya saboda yaƙi aka gayyace ta, amma ita ce ta koma gida da kofin. Abin da ya sa wannan musu ba ya ƙarewa shi ne, galibi kowane ɓangare yana amsa tambayar da ba ita ɗayan ya yi ba. Ga hanyar da za a bi idan ana son kwatancen ya zama mai ma'ana, ko da a ƙarshe ba a yi ittifaƙi ba.

A fara tsayar da tambayar

Kafin a ambaci sunan kowa, wajibi ne a amince da abin da ake aunawa. Tambayar wace tawaga ce ta fi samun nasara tana da amsa ɗaya, domin kofin 1992 shi ne babban kofin da Danmak ta taɓa ɗauka, sai kuma kofin Sarki Fahad na 1995 a Riyad, inda ta doke Ajantina da ci 2–0 a wasan ƙarshe, kuma duka biyun a ƙarƙashin koci Richard Moller Nielsen aka ci su. Tambayar wace tawaga ce ta fi iya murza leda daban take, kuma a nan ne tawagar koci Sepp Piontek ta tsakiyar shekarun 1980, wato ta 1986, take da hujja mai ƙarfi. Akwai kuma tambaya ta uku, wato wace tawaga ce ta fi tara manyan 'yan wasa a lokaci guda, wadda ake amsa ta da duba kulob ɗin da kowannensu yake bugawa da matsayinsa a can. Duk wanda ya cakuɗa waɗannan ukun zai wayi gari yana kare kofi da hujjar salo, abokin musunsa kuma yana kare salo da jerin sunaye.

Haka abin yake ga 'yan wasa. A faɗi tun farko ko ana maganar abin da mutum ya yi wa ƙasarsa ne, ko kuwa ana auna rayuwarsa ta ƙwallo gaba ɗaya, domin a tarihin Danmak waɗannan biyun sun sha bamban fiye da yadda suke a mafi yawan ƙasashe.

A raba tarihin bisa iyakokinsa na gaskiya

Kuskuren da aka fi yi shi ne raba zamani da shekaru goma-goma, alhali iyakar da ta fi kowace muhimmanci ita ce shekarar 1971. Kafin wannan shekara hukumar ƙwallon ƙafar Danmak ba ta yarda ɗan wasan da ake biya albashi ya buga wa ƙasa ba, don haka duk wanda ya yi fice har wani kulob na waje ya saye shi, ya yi sallama da jar rigar tawagar ƙasa ke nan. John Hansen ya zura ƙwallaye huɗu a ragar Italiya a gasar Olamfik ta 1948, inda Danmak ta ci lambar tagulla, nan da nan Juventus ta ɗauke shi, ya zama wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar Italiya a kakar 1951–52, amma wasa takwas kacal ya buga wa ƙasarsa. Harald Nielsen ya taimaka wa Danmak ta ci lambar azurfa a Olamfik ta 1960 a Rum, ya koma Bologna a 1961 yana ɗan shekara 19, ya zama gwarzon mai cin ƙwallo a Italiya shekara biyu a jere, ya ɗauki kofin gasar a 1964, kuma bai sake buga wa Danmak ba bayan wasanni 14 da ƙwallaye 15. Wanda ya jera 'yan wasa bisa yawan wasannin ƙasa zai zubar da waɗannan mutane biyu, kuma zai yi haka ne saboda dokar da ba su suka kafa ba.

Daga 1971 zuwa 1979 an buɗe ƙofa ga ƙwararru, amma babu tsarin da zai haɗa su su zama tawaga. A 1978 ne aka halatta biyan 'yan wasa a gasar cikin gida, kamfanin Carlsberg ya shigo da kuɗin tallafi, sannan a 1979 aka ɗauki Piontek, Bajamushe, ya zama koci. Zamaninsa ya kai 1990. Daga nan sai na Moller Nielsen zuwa 1996, sai na Bo Johansson ɗan Suwidin zuwa 2000, sai doguwar riƙon Morten Olsen na shekara 15, sai na Age Hareide da Kasper Hjulmand. Raba tarihin bisa masu horarwa ya fi amfani, saboda kowannensu ya zo da salonsa da mutanensa.

Tawagogin farko-farko, waɗanda suka ci azurfa a Olamfik ta 1908 da ta 1912, ya kamata a girmama su a ajiye su gefe. A 1908 sun ci Faransa 17–1, Sophus Nielsen shi kaɗai ya zura goma, kuma a cikinsu akwai Harald Bohr, masanin lissafi, ƙanen Niels Bohr mai kyautar Nobel. A lokacin ƙasashe ƙalilan ne suke buga ƙwallo da gaske, kuma babu hoton bidiyon da zai isa a yi hukunci da shi.

A mayar da alƙaluma zuwa zamaninsu

Kwatanta yawan ƙwallayen ɗan wasan 1920 da na ɗan wasan 2005 kai tsaye kamar kwatanta farashin buhun gero na yau ne da na shekara arba'in da suka wuce ba tare da la'akari da darajar kuɗin ba. Misali mafi kyau shi ne na mutum biyun da suka daɗe suna riƙe da tarihin cin ƙwallo na Danmak, Poul Nielsen da Jon Dahl Tomasson, kowannensu da 52. Nielsen ya ci nasa a wasanni 38 tsakanin 1910 da 1925, Tomasson kuma a wasanni 112 tsakanin 1997 da 2010. Idan aka raba ƙwallaye da wasanni, Nielsen yana da kusan 1.37 a kowane wasa, Tomasson kuma 0.46, wanda zai sa mai gaggawa ya ce an gama magana. Sai dai mataki na gaba shi ne a tambayi ragar wa aka zura su. Mafi yawan ƙwallayen Nielsen a ragar Norway da Suwidin suka faɗa, a lokacin da Danmak ta yi wa maƙwabtan nata nisa, yayin da Tomasson ya ci huɗu a gasar Kofin Duniya ta 2002, ciki har da wadda ya zura wa Faransa mai riƙe da kofin a wasan da aka fitar da ita tun daga rukuni.

Saboda haka a bi alƙaluman hawa uku: a raba ƙwallaye da yawan wasanni, a ware wasannin sada zumunta daga na gasa, sannan a duba ƙarfin abokan karawa. Da wannan ma'auni, ƙwallaye 38 na Preben Elkjaer a wasanni 69 suna ƙara nauyi, domin da yawansu a manyan wasanni aka ci su. Ƙwallaye 37 na Michael Laudrup a wasanni 104 kuwa ba su ne ma'aunin da ya dace da shi ba tun asali, tunda babban aikinsa shi ne shirya wa wasu.

Yawan wasannin ƙasa ma yana buƙatar irin wannan taka-tsantsan. Morten Olsen ne ɗan Danmak na farko da ya kai wasa 100, ya tsaya a 102. Peter Schmeichel ya kai 129, Simon Kjaer ya wuce shi da 132, Christian Eriksen kuma ya wuce su duka. Wannan ba ya nufin 'yan baya sun fi na da juriya. Bayan wargajewar Tarayyar Sobiyet da Yugoslabiya, ƙasashen da suke ƙarƙashin hukumar ƙwallon Turai sun tashi daga talatin da 'yan kai zuwa 55, wasannin neman gurbi suka ƙaru, gasanni suka faɗaɗa, aka kuma ƙirƙiro sababbi.

A san dokokin da aka buga wasan a ƙarƙashinsu

A nan ne ya kamata a daɗe, domin shi ne abin da masu musu suka fi mantawa da shi. Gasar Turai ta 1992 ita ce babbar gasa ta ƙarshe da aka yarda mai tsaron raga ya kama ƙwallon da ɗan wasansa ya mayar masa da ƙafa. Duk wanda ya kalli wasan ƙarshe da Jamus a Gothenburg ranar 26 ga Yuni zai ga yadda Danmak ta ci moriyar wannan dama. Bayan John Jensen ya ci ta farko, sau da yawa mai tsaron baya yakan juya ya tura wa Schmeichel, shi kuma ya jira sai ɗan wasan Jamus ya matso kafin ya sunkuya ya ɗauka, ya mirgina wa na kusa da shi, a sake mayar masa. Babu laifi a cikin haka, doka ce ta ba su, kuma kowace tawaga tana yi. Amma mai kwatance ya sani cewa da sabuwar dokar ta riga ta fara aiki, da riƙe wannan ci a gaban zakarun duniya ya fi haka wahala nesa ba kusa ba.

Wata fuskar ita ce kariyar da ake ba masu gwanintar yanka. A zamanin Elkjaer da Laudrup na ƙuruciya, mai tsaron baya yana iya shiga ƙafar mutum ta baya ya tsira da gargaɗin baki, sai a 1998 aka tsananta hukuncin irin wannan keta da jan kati. Dokar satar gida ma an sassauta ta a 1990, ta yadda wanda yake daidai da mai tsaron baya ba a ɗauke shi ya yi laifi ba. A 1986 da 1992 canji biyu kawai koci yake da shi, a 2021 kuwa Hjulmand yana da biyar. Wannan na ƙarshe yana da tasiri ta fuska biyu: ya sa tawagar 2021 ta iya matsa wa abokan karawa lamba har ƙarshen wasa, ya kuma ƙara darajar abin da tawagar 1992 ta yi a wasan kusa da na ƙarshe da Holan, inda Henrik Andersen ya samu mummunan rauni a gwiwa, sauran kuma suka ƙarasa minti 120 wasunsu na ɗingishi.

Akwai kuma dokar taƙaita baƙin 'yan wasa a kulob-kulob na Turai, wadda hukuncin kotun Turai a shari'ar ɗan wasa Bosman na 1995 ya rushe ga 'yan Tarayyar Turai. Kafin nan guraben baƙi biyu ko uku ne a kowane kulob, don haka ɗan Danmak da ya samu wuri a Juventus ko Bayern Munich ko Barcelona ya kere ɗimbin 'yan wasan duniya ne kafin ya same shi. Wannan doka ce ta sa kocin Barcelona Johan Cruyff ya bar Michael Laudrup a waje a wasan ƙarshe na kofin zakarun kulob-kulob na Turai na 1994. Idan ana ƙirga 'yan wasan manyan kulob na kowace tawaga, gurbi ɗaya na 1986 ya fi gurbi ɗaya na yau tsada.

A bi hanyar da kowace tawaga ta bi, wasa bayan wasa

Kalmar "wasan kusa da na ƙarshe" ba nauyi ɗaya take da shi a kowace shekara ba. Danmak ta kai wannan mataki a gasar Turai ta 1964, 1984, 1992 da kuma wadda aka buga a 2021. A 1964 ta kai ne bayan ta fitar da Malta, Albaniya da Luksambur, da ta haɗu da Tarayyar Sobiyet kuma aka ci ta 3–0. A 1984 ƙasashe takwas ne kawai a gasar, kuma kafin ta samu gurbi sai da ta doke Ingila 1–0 a Wembley a 1983 da fenaritin Allan Simonsen. A gasar kanta Faransa ta ci ta 1–0, ta casa Yugoslabiya 5–0, ta farfaɗo daga ci biyu da nema ta doke Beljiyam 3–2, sannan Sifaniya ta fitar da ita a bugun fenariti bayan an tashi 1–1.

Hanyar 1992 tana da fuska biyu, kuma adalci ya buƙaci a faɗi dukansu. Tawagar ta ci ƙwallaye shida ne kawai a wasanni biyar, ba ta ci ko ɗaya ba a wasanni biyun farko, wato canjaras da Ingila da rashin nasara a hannun Suwidin. Amma waɗanda ta kawar daga baya su ne Faransa wadda ta ci dukkan wasanninta takwas na neman gurbi, sai Holan mai riƙe da kofin Turai, sai Jamus mai riƙe da Kofin Duniya. Babu wata tawagar Danmak da ta taɓa bin hanya mai tsauri irin wannan ta fita. A kuma yi hattara da labarin da ake yawan bayarwa cewa daga bakin teku aka kwaso 'yan wasan suna hutu. Gaskiya ne kwana goma ne kacal suka rage lokacin da aka tabbatar musu, amma sun ƙare ne da maki ɗaya a bayan Yugoslabiya a rukunin neman gurbi, sun doke ta 2–1 a Belgired, kuma da yawansu sun saba da juna a Brondby, kulob ɗin da ya kai wasan kusa da na ƙarshe na kofin UEFA a 1991.

Tawagar 2021 ta ci ƙwallaye 12 a wasanni shida, ninki biyu na ta 1992. Ta yi haka ne bayan Eriksen ya yanke jiki ya faɗi a fili a wasan farko da Finlan sakamakon tsayawar zuciya, abin da babu alƙalamin da zai iya auna nauyinsa a kan abokan wasansa. Duk da haka gasar ta ƙasashe 24 ce, an ci ta a wasanni biyun farko kuma ta tsallake, sannan waɗanda ta doke su ne Rasha, Wales da Jamhuriyar Cek. Manyan ƙasashe biyun da ta haɗu da su, Beljiyam da Ingila, duk sun ci ta. A tsarin ƙasashe takwas na 1992 da wuya a faɗi wasa biyu a ci gaba.

A kalli cikakken wasa

Gani ya kori ji, amma gajerun bidiyon da ake yanko ƙwallaye kawai yaudara suke yi, domin kowane ɗan wasa gwani ne a cikin minti uku. A nemi cikakkun wasanni, aƙalla ɗaya da tawagar ta yi nasara da ɗaya da ta faɗi. Ga tawagar Piontek, a fara da wasan 5 ga Yunin 1985 a Kofanhagen, inda ta doke Tarayyar Sobiyet 4–2, Elkjaer da Laudrup kowa ya ci biyu. Ya fi wasan 6–1 da Yurugwai amfani wajen hukunci, saboda Yurugwai ta buga mafi yawan wancan wasa da mutum goma bayan an kori Miguel Bossio da wuri. A lura da Morten Olsen, mai shekara 36 a Meziko, yadda yake fitowa da ƙwallo daga baya har ya ƙetare tsakiyar fili, da yadda Frank Arnesen da Soren Lerby suke cike gurbin da ya bari.

Daga nan a kalli wasan Sifaniya na 1986 a birnin Keretaro na Meziko daga farko har ƙarshe. Danmak ce take gaba da fenaritin Jesper Olsen, kuma ita ce take juya wasan. Saura kaɗan a tafi hutun rabin lokaci mai tsaron raga Lars Hogh ya ba Olsen gajeriyar ƙwallo ta gefen dama, shi kuma ya nemi mayar masa ba tare da ya ɗaga kai ba, ƙwallon ta ratsa gaban raga ta faɗa ƙafar Emilio Butragueno. Mutane suna tsayawa a kan wannan kuskure, amma abin da ya fi bayyana halin tawagar shi ne abin da ya biyo baya. Da Sifaniya ta ci ta biyu, Danmak ta kwashe mutanenta ta yi gaba, ta bar bayanta a buɗe, Butragueno ya ƙare da ƙwallaye huɗu. Ga shi kuma babu Arnesen, wanda ya karɓi jan kati a ƙarshen wasan da suka riga suka ci Jamus ta Yamma 2–0. A ganina wannan rashin iya rufe wasa aibi ne na gaske, kuma bai kamata masoyan 1986 su riƙa kiran sa tsautsayi ba.

Masu kallo a Najeriya suna da wasan da suka sani ciki da bai, wato na 28 ga Yunin 1998 a filin Stade de France. Najeriya ta jagoranci rukuninta bayan ta doke Sifaniya, hankalin mutane ya riga ya tafi kan haɗuwa da Birazil, sai Peter Moller ya ci a minti na uku, Brian Laudrup ya ƙara a na goma sha biyu. Ƙwallo ta uku ce ta cancanci a maimaita kallonta. Michael Laudrup, yana ɗan shekara 34, ya kalli wani gefe ya ɗebo ƙwallon da saman ƙafa ta haye kan masu tsaron baya, Ebbe Sand da bai cika minti ɗaya da shigowa ba ya kauce wa Taribo West da kai ya buga ta wuce Peter Rufai. Aka tashi 4–1, Tijjani Babangida ne ya ci wa Najeriya ta share hawaye. Wannan tawaga ta faɗi a hannun Birazil 3–2 a wasan da ya biyo baya, kuma har yau shi ne mataki mafi nisa da Danmak ta kai a Kofin Duniya. Ana yawan tsallake ta a musu, alhali ita kaɗai ce ta haɗa 'yan'uwan Laudrup biyu da Schmeichel a gasar duniya.

A auna tawaga da shekarunta duka

Gasa ɗaya ba ta isa ba. A ɗauki shekara huɗu zuwa shida a lissafa har da faɗuwar. Tawagar Piontek ta sha kashi a dukkan wasanninta uku a gasar Turai ta 1988, ta kuma kasa zuwa Kofin Duniya na 1990. Zakarun 1992 sun kasa samun gurbin 1994, aka fitar da su tun daga rukuni a 1996. Tawagar Johansson ta je gasar Turai ta 2000 ba tare da 'yan'uwan Laudrup ba, aka zura mata takwas ba ta ci ko ɗaya ba. Ta Hjulmand ta ci wasanni tara cikin goma na neman gurbin 2022, ta je Katar ta dawo da maki ɗaya. Da wannan ma'auni tawagar Morten Olsen ta 2002 zuwa 2004 tana samun daraja fiye da yadda ake ba ta, tunda ta tsallake matakin rukuni a gasanni biyu a jere.

'Yan wasa: gurbi da gurbi, riga da riga

Kada a kwatanta mai tsaron raga da mai shirya wasa sai an fayyace tambayar. Idan baiwa ake nufi, Michael Laudrup ne, kuma hukumar ƙwallon Danmak ta ayyana shi a 2006 a matsayin wanda ya fi kowa a tarihinta. Ya ci gasar Italiya da Juventus, ya ci ta Sifaniya sau huɗu a jere da Barcelona, ya koma Real Madrid ya ci ta biyar. Amma shi da ƙanensa sun janye daga tawagar ƙasa a ƙarshen 1990 saboda saɓani da Moller Nielsen kan salon wasa, Brian ya dawo kafin gasar 1992, Michael bai dawo ba sai 1993. Don haka idan abin da aka yi wa jar riga ake aunawa, Brian, mai wasanni 82 da ƙwallaye 21, yana da abin da yayansa ba shi da shi.

Simonsen shi kaɗai ne ɗan Danmak da ya ci kyautar Ballon d'Or, a 1977, a gaban Kevin Keegan da Michel Platini, lokacin yana Borussia Monchengladbach. Ƙaddararsa ita ce ganiyarsa ta zo kafin tawagar ta nuna, da ta nuna kuma sai ya karye a ƙafa a wasan farko na gasar 1984. Elkjaer ya zo na uku a wannan kyauta a 1984, na biyu a 1985, shekarar da ya ɗauki kofin Italiya da ƙaramin kulob na Verona. Eriksen kuwa a auna shi da nauyin da ya ɗauka shi kaɗai. Laudrup yana da Elkjaer, Lerby da Arnesen a gefensa, amma ƙwallaye ukun da Eriksen ya ci a Dublin a 2017, a wasan 5–1 da ya kai Danmak gasar Kofin Duniya ta 2018 a Rasha, na mutum ne da tawaga gaba ɗaya ta jingina da shi.

Gwaji mafi sauƙi na gane tasirin ɗan wasa shi ne a cire shi a zuci a ga abin da zai rage. Danmak ta ci kofin Turai ba tare da Michael Laudrup ba, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a 2021 ba tare da Eriksen ba, ta yi haka a 1984 ba tare da Simonsen ba. Idan aka cire Peter Schmeichel daga 1992, babu wanda zai tare fenaritin Marco van Basten, babu kuma wanda zai kaɗe ƙwallayen Jurgen Klinsmann a wasan ƙarshe. Shi ya sa nake ganin a tambayar wa ya fi yi wa ƙasar amfani, Schmeichel ne a gaba. Gurbin nasa kuma shi ne inda tawagar 1986 ta fi rauni, domin masu tsaron ragarta a gasar cikin gida suke wasa, an kuma canja gola a tsakiyar gasar Meziko. Schmeichel bai fara buga wa ƙasa ba sai a 1987, shekara guda bayan Keretaro.